Tafin da Na Yi wa Jifar Habu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je kallon Habu, ɗan ƙanwata, yana wasan besbol. (In ba ka san wasan ba kar ka damu, ni ma ban san shi ba. Matsalata ita ce ban tambaya ba.)

Habu ne mai jifa a ƙungiyarsu. Duk kakar wasan shi kaɗai suke sawa don ba su da kamarsa, har kafaɗarsa ta fara kumbura, uwarsa kullum tana gasa masa ita da ruwan zafi tana mita. Ni kuwa a shagon ɗinkina a Briketeri ba mai kawo yadi da zai fita bai ji cewa duk Yawunde babu mai hannun ɗana ba.

Ranar wasan ƙarshe na zuba babbar riga, na ja abokina Alhaji Bakari zuwa wani fili bayan unguwar Tsinga. Habu ya tsaya a tsakiya, wani ƙato ya tsaya gabansa riƙe da kulki. Ya jefa, ƙwallo ta wuce kulkin. Ya sake, ta sake wucewa. Ni a zatona aikinsa ya saita kulkin nan ne, sai na ɗauka kuskure yake ta yi. Da na ji mutanenmu suna tafi na ce a raina, bayin Allah, lallashinsa suke.

Alhaji ya ce, "Anya yaron naka ya iya kuwa?"

Na ce, "Bai ɗau zafi ba tukuna."

Da wasa ya yi nisa Habu ya fara murza kafaɗa, kocinsu ya taso zai cire shi. Na matso bakin fili na roƙe shi da Faransancina na kasuwar Mokolo, a bar yaron ya ƙara ko ɗaya ne, tunda har yanzu bai samu ba. Kocin ya yi dariya, ya ɗauka zolaya nake. Habu kuma da ya hango ni, ya ce zai iya.

Ya jefa ƙwallo da gajiyayyen hannu. Ƙaton ya make ta, ta tashi sama ta tsallake katanga.

Na miƙe, hula a hannu, ina ihu: "Ya samu! Ɗana ne wannan!" Sai da na gaji na lura ɓangarenmu tsit, 'yan ɗaya ƙungiyar ne kawai ke taya ni rawa. Wani dattijo ya ja min riga a hankali ya ce, "Malam, zauna. Mu aka ci."

A taksi Habu, da ƙanƙara ɗaure a kafaɗa, ya ce, "Kawu, aikina fa shi ne kada su taɓa ta."

Na ce, "Ai na sani, gwada ka nake."

Ya yi dariya har kafaɗar ta amsa. Uwarsa dai ba ta yi dariya ba, sai da hannun ya warke ta ci gaba da aiko min da abinci.

Tun daga ranar, kafin in yi tafi ko'ina, sai na fara duba su wa ke tafin.