Yadda Za Ka Kawar da Layi a Shagon Askin Babanka Cikin Sati Uku

Kai ɗalibin sashen kasuwanci da ya kai shekarar ƙarshe, wanda malamin lissafi ya ce ya kawo aikin bincike, kuma har yau a gida ba a ga amfanin karatunsa ba sai in za a aike shi sayen reza, matso kusa. Ina da hanyar da za ta ba ka maki mafi tsoka a aji, ta kuma sa a san cewa gidanku ya haifi masani. Kayan aikin ba su da yawa: uba mai shagon aski wanda mutane ke cika wa benci, waya mai agogo, littafin rubutu, da ƙarfin hali daidai gwargwado. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, cikin sati uku ba za a sake ganin mutum ɗaya yana jira a shagon ba. Ni na gwada da kaina. Ko mutum ɗaya.

Mataki na 1: Ka gano cewa babanka yana da matsala

Shi bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne. Shekara ashirin da shida yana aski, babu wanda ya taɓa koya masa lissafin layi. Kai kuwa an koya maka: mutum nawa ke shigowa a awa ɗaya, mutum nawa ake sallama, minti nawa kowa ke yi yana jira. Malam ya zana wasu haruffa biyu a allo, ɗaya kamar mutum ya buɗe ƙafa zai tsallake kwata, ɗaya kamar kofi mai wutsiya, sannan ya juyo ya ce, “Duk mintin da mai saye ya yi yana jira, asara ce.” Ka rubuta wannan, ka ja masa layi biyu a ƙasa.

Ranar Asabar ka je shagon da idon masani. Ga kujera ɗaya mai juyawa, ga madubi mai tsaga a gefe, ga agogon bango, ga benci mai cin mutum shida, kuma shidan suna kai. Za ka tarar suna ta ƙyaƙyata dariya. Kada dariyar ta ruɗe ka. Mutane ne da ke cikin wahala, ba su dai samu wanda zai faɗa musu ba.

Mataki na 2: Ka auna su

Ka samu kusurwa kusa da kwandon shara, ka zauna da waya da littafi. Wanda ya shigo ka danna, wanda ya hau kujera ka danna, wanda ya fita ka danna. Kafin azahar za su sa maka suna Farfesa. Ka karɓa, ai inda za ka ke nan.

Direban da ke zuwa duk Asabar zai leƙo littafin ya ce, “Farfesa, ni kake aunawa ko gashin?”

Ka ce, “Lokacin da kuke ɓatawa nake aunawa.”

Telan da ke gefensa zai ce, “To don Allah ka auna mini da kyau. Matata ta ce awa uku nake yi a nan, ni kuwa na rantse mata biyu ne.”

Kada ka yi dariya, masani ba ya dariya a bakin aiki. Bayan Asabar biyu ka haɗa, ka raba, za ka samu matsakaicin jira minti hamsin da biyu. Ka riƙe kai, ka ce innalillahi a hankali yadda za a ji.

Mataki na 3: Ka cire wanda ya ɓata maka lissafi

A kowane shago akwai irinsa. Namu tsohon ma’aikacin gidan waya ne, kowa na ce masa Baba Mai Sanƙo, don abin da ya rage masa na gashi bai wuce ɗan zagaye a bayan kunne ba. Ƙarfe tara yake zuwa, sai sha biyu ya tafi. Duk lokacin da layi ya zo kansa sai ya ɗaga hannu ya ce wa na bayansa, “Wuce, ɗana, ni ba sauri nake ba.” Daga nan ya ci gaba da labarin karen da ya bi shi unguwa uku yana rabon wasiƙu, wanda duk sati karen ke ƙara girma. Askinsa kuwa minti huɗu ne, har da kakkaɓe wuya.

In ka zana sakamakonka a takarda, ɗigon kowa zai taru wuri ɗaya, nasa kaɗai zai haye can sama kusa da kan shafi. Ka kai wa malam. Zai duba ta saman tabarau ya ce, “Wannan saniyar ware ce. Cire shi, zai lalata maka zane.”

Ka cire shi. Ka ga daɗin ilimi ke nan: mutum mai shekara saba’in, amma jan biro ɗaya ya ishe shi.

Mataki na 4: Ka shawo kan Baba

Kada ka tunkare shi a shago. Ka bari sai ya dawo gida ya cire takalmi, sannan ka shimfiɗa masa takardu a gaba.

Zai ce, “Wani ya kawo maka ƙarata ne?”

Ka ce, “Ba su san suna shan wahala ba ne, Baba.”

A nan ne za ka bar Mama ta yi maka aiki, don ita tun ranar da ka shiga jami’a take jiran a ga wani abu. Za ta ce, “Haba, ka bar yaron ya gwada mana. Ba don irin wannan muka tura shi ba?”

Baba zai ɗauki zanen, ya riƙe shi a juye, ya daɗe yana kallo kamar hoton jikansa. Sannan ya ce, “To, Farfesa, na ba ka sati uku.” Washegari duk wanda ya hau kujera sai Baba ya gaya masa cewa ɗansa ne zai gyara shagon da lissafin jami’a. Zai faɗa da alfahari, har yana tsayar da inji don a ji shi sosai. Ka adana wannan a ranka, akwai ranar da zai dawo maka.

Mataki na 5: Ka raba kati, ka fitar da benci

Kowa ka ba shi kati mai ɗauke da lokacinsa, minti goma sha biyar ga mai gashi, biyar ga marar shi. Wanda ya zo da wuri ya je ya zagayo. Benci kuwa ka kinkime shi ka kai bayan gida, domin muddin akwai wurin zama, ɗan Adam sai ya jira.

Ƙarfe tara Baba Mai Sanƙo zai shigo da sallamarsa. Ka tare shi da kati, ka kai shi kujera kai tsaye. Tara da minti huɗu an gama. Zai sauko, ya tsaya yana kallon wurin da benci yake, inda ƙafafunsa huɗu suka bar tabo a siminti.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Baba. Kun ga yau ko minti ɗaya ba ku jira ba.”

“Na gani,” zai ce. Zai sa hularsa, ya yi wa babanka godiya, ya fita. Ka rubuta sifili a gaban sunansa, ka ji daɗinka.

Mataki na 6: Ka karɓi yabo

Satin farko jira zai sauko zuwa minti uku. Sati na biyu babu jira ko kaɗan, kujera ce ma ke jiran mutane.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da za ka lura da su, amma ba sa cikin littafi, saboda haka ba su shafe ka ba. A tsallaken titi akwai wani sabon mai aski, hannunsa na rawa, ya taɓa yanke wa mutum kunne, amma yana da benci. Za ka hango hular Baba Mai Sanƙo a kai. Asabar mai zuwa za ka hango direba a gefensa, sai tela, suna riƙe ciki don dariya, da alama karen ya kai girman maraƙi. Baƙo kuma in ya zo wucewa, sai ya leƙa shagonku ya ga wayam, ya leƙa can ya ga cunkoso, ya yanke wa kansa hukuncin inda gwani yake.

Kai dai ka buga aikinka ka miƙa. Malam zai ba ka makin da bai taɓa ba kowa ba, ya karanta wa aji shafin ƙarshe da kansa: daga minti hamsin da biyu zuwa sifili. Za a tafa maka, har da yarinyar nan ta layin gaba da ba ta taɓa sanin kana ajin ba.

Mataki na 7: Kada ka leƙa shagon da rana

Wannan shi ne matakin da na karya, shi ya sa nake ja maka kunne. In ka leƙa, za ka tarar da babanka yana share ƙasan da babu gashi ko ɗaya. Ya riga ya shafa wa inji mai sau biyu, ya jera almakashi bisa tsayi, ya goge madubi har tsagar tana ƙyalli. Za ka nuna masa makinka. Zai goge hannu kafin ya karɓi takardar, ya ce Allah ya yi albarka, kuma da gaske yake.

Sannan zai ɗaga kai ya dubi bango ya ce, “Ka san shekara ashirin da shida ban san agogon nan yana ƙara ba? Sai satin nan na ji.”

Zai koma ga shararsa. Da ma zaginka ya yi, da ka samu abin riƙewa. Ni dai ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ga takarda mai maki a hannuna, na rasa aljihun da zan cusa ta.

Mataki na 8: In ka riga ka leƙa

To sai ka tsallaka titi. Ka durƙusa gaban Baba Mai Sanƙo a idon kowa, ka ce babanka na gaishe shi, kuma kujera na nan babu kowa, yana zuwa za a yi masa.

Zai dube ka da tausayi ya ce, “Farfesa, in babu kowa, me zan je yi?”

Ka koma bayan gida, ka kinkimo benci, ka saita ƙafafunsa a kan tabonsu. Ka yaga katunan. Za ka ga har yanzu babu wanda ya shigo, don ba a zama a bencin da babu abin jira. Babanka zai dubi benci, ya dube ka, ya karkaɗe zanen aski.

“Hau kujera.”

“Baba, shekaranjiya fa aka ɗan gyara mini shi.”

“Hau, na ce.”

Zai juya kujerar ta fuskanci ƙofa, ya kunna inji, ya fara a hankali kamar mai zare ƙaya. Askin minti goma zai kai shi awa ɗaya da kwata. Ya rage nan, ya ja baya ya duba, ya rage can. Kana ji kana gani gashin da ka yi shekara biyu kana tattali saboda yarinyar layin gaba zai zube a cinyarka, har kanka ya koma yana ɗaukar hasken fitila. Kada ka motsa. Daga tsallaken titi ana kallo.

Can sai inuwa ta tare ƙofa. Baba Mai Sanƙo ne, hannu a baya, yana duban kanka kamar ya ga ɗan’uwansa da ya ɓata.

“Akwai layi ne?”

Babanka ko juyowa ba zai yi ba. “Akwai. Sai dai ka jira.”

“To madalla,” zai ce, ya zauna a bencin, ya miƙe ƙafa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sannan ya leƙa waje ya ƙwala kira, “Direba! Ku zo ku ga abin da lissafi ya yi wa Farfesa!”

Ta wutsiyar ido za ka ga inji na rawa a hannun babanka, don dariya yake yi, kuma tun da aka fitar da bencin ba ka ga haƙoransa ba sai yanzu.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko shago ne ya bushe, ko uba ya yi shiru, ko gashi ya ƙi fitowa da wuri. Lissafin daidai yake, malam ya duba, kuma aikin yana nan a ɗakin karatu na sashenmu, inda har gobe jira a shagon sifili ne. Wanda ya bi matakan nan ya kwashi abin da ya kwasa, kada ya neme ni a makaranta. In lallai sai ya gan ni, ya zo shagon ranar Asabar. Ina kan benci, ni ne na biyar, kuma in layi ya zo kaina zan ce masa ya wuce, ni ba sauri nake ba.