Ayabar Falon Mamuda

Wani mutum ne a Funtuwa, Mamuda Furanni. Wajen cika baki babu na biyunsa. Tun da ya sayi 'yar ayabar ado ya dasa a tukunya, ya girke ta a falo, majalisa ta shiga uku.

"Ni da ganin ganye nake gane asalin ayaba," in ji shi. "Tawa ko a ƙarƙashin gado ka ajiye ta, sai ta yi 'ya'ya!"

To, akwai wata bazawara da yake nema, Hajiya Kuluwa, mai son shuke-shuke. Rannan ta ce, "Ni tawa ta lambu shekara da shekaru ganye kawai take zubawa."

"Ai hannu ne, Hajiya. Tawa har ta nuna, jawur!"

"Kai, madalla! Anjima zan zo da Yaya Sambo mu gani."

Alhali ko fure ayabar Mamuda ba ta taɓa yi ba. Ya faɗa kasuwa da gudu, ya sayo nono guda na ayaba. Ya duba gida kaf, babu igiya. Sai ga sallama a ƙofa! Fit, ya zare zariyar wandonsa, ya ɗaure ayabar a bayan ganye. Ya fito yana washe baki, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Lafiya, Malam Mamuda?" in ji Alhaji Sambo, yayan Hajiya.

"Ɗan ciwon baya ne, Alhaji. Hidimar shuka."

Hajiya ta zaro ido. "Ikon Allah! Wace iri ce wannan?"

"Sunanta ba ya faɗuwa da Hausa. Daga bayan teku take."

Alhaji ya ce bari ya ɗanɗana ɗaya. Ya kama, ya ja. Ƙulli ya warware, nonon ayaba ya taho gaba ɗaya. Mamuda ya kai hannu biyu, caraf, ya cafe.

Wando kuwa, sululu, sai idon sawu.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Alhaji ya ɗago zariyar da ke lilo a jikin ganye, ya dube ta, ya dubi ƙafafun Mamuda.

"Lallai irin bayan teku ce," in ji shi. "Tamu ta gida ayaba kawai take haifa. Taka har da zariya!"