Warin Takalmina a Japan

Kwas ɗin noman albasa ya kai mu Japan, aka zaga da mu gidan wani tsohon firaminista. Wai kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa. Ni da aka yi wa sata sau biyu a masallaci? Murmushin tsohuwar da ke gadi ma bai kwanta mini ba. Sai na yi dabarar gida: wari a ƙofa, wari cikin furannin lambun shaƙatawa da ke kusa.

Muna fitowa na tarar da 'yan sanda, tsohuwa tana hawaye, wai ta ga wari guda a ƙofa, an sace wa baƙo takalmi. Dole na ja su har gindin furen.

Labari ya riga ni isa garinmu Boɗinga. Har yau in na shiga masallaci sai an ce, "Alhaji, ina ka aje gudan?"