Kwat ɗin Ulu a Bazarar Haɗeja

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, ko da yake na gwada. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabuwar malama a Haɗeja, kuma ni ce ƙarama a reshenmu na wata ƙungiyar mata Kirista da ta yaɗu a ƙasashen duniya. Muna son buɗe ajin ɗinki da karatu, amma in matan unguwa ba su turo 'ya'yansu ba, babu aji. Sai shugabarmu, Mama Rahila, ta gayyato su, ta ce in ba su tarihin ƙungiyar a taƙaice.

Ni kuwa ban iya taƙaitawa ba. Na karanta yadda wasu mata a Ingila suka fara da taron addu'a, daga baya suka buɗe masauki don 'yan matan da suka shigo birni neman aiki ba su san kowa ba. Hoton ya zauna mini a rai: hazo, fitilun titi, mace cikin kwat tana buɗe ƙofa. Sai na ƙudura ni zan zama matar nan. Na aro kwat ɗin ulu, da safar hannu, da mayafin wuya (a watan da kogi ma ya janye ya bar wa masunta yashi).

"'Yata, bazara ce fa," in ji Mama Rahila.

"Mama, tarihi ne."

Ƙarƙashin rufin kwano na tsaya, da azahar. Na fara da kyau, har na iso kan manufa: "Burinmu shi ne kula da mace, jikinta da hankalinta da ruhinta." Daga nan jiri ya ɗebe ni, fuskoki suka fara juyawa a idona.

Na farfaɗo a kan tabarma. Hajiya Kande mai bandar kifi tana yi mini fifita da faifai, wata tana zare mini safa.

"Ku cire mata bargon nan," in ji Hajiya. "Malama, Turawan ne suka ce sai kin dafa kanki?"

"Ta ce jikin mace za su kula da shi," wata ta amsa daga baya. "To, a fara da nata."

Sun turo 'ya'yan nasu. Hajiya ta ce ba don jawabin ba, don dai 'yar malamar nan tana buƙatar masu sa mata ido.

Har yau ina ba da tarihin ƙungiyar in an nema. A inuwa nake bayarwa, cikin atamfa, kusa da randa.