Binciken Asalin Kalmar Allon Shago

Wani ne zai buɗe shagon aski, sai ya ga duk shagunan layin da sunan Turanci. Ya sa mai fenti ya rubuta masa NICE a allo, don an ce masa tana nufin abu mai kyau. Washegari za a buɗe.

Gwaggonsa ta zo sa albarka. Ta tsaya a ƙofa, ta ɗaga kai.

"Wannan 'yar gidan waye?"

"Kalma ce, Gwaggo."

"Na ji. Wa ya haife ta? Ni ko akuya ba na ɗaurewa sai na san garken da ta fito. Ba zan sa albarka a ƙarƙashin baƙuwar da ba a san ubanta ba."

Ta ja benci ta zauna a waje.

Mutumin ya sa rigarsa ta fita kunya, ya nufi gidan wani tsohon malamin makaranta. Ya durƙusa ya ce bincike ya kawo shi. Malam ya buɗe ƙamus.

"Daga Faransanci ta shigo. A can, a da, wawa take nufi."

"Uban ke nan. To, wani uban haka yake. Kakan fa?"

"Latinanci. Ma'anarta wanda bai san komai ba."

Mutumin ya share gumi. "Ta wajen uwa fa, babu ko mutum ɗaya na kirki?"

"Kalma ba ta da uwa."

"Abin har ya kai haka? To ina kakan yake zaune, in ji daga bakinsa?"

"Latinanci ai ya daɗe da mutuwa."

"Ayya. Wallahi ban ji ba." Ya gyara zama ya yi wa malam ta'aziyya.

Malam ya ce, "Bawan Allah, shekaru aru-aru ke nan da ta gyaru. Yanzu ma'anarta mai kyau ce."

"Haka suke yi, Malam. Sai an shigo da su gida halin ya fito."

Ya koma shago a fusace, ya taka kujerar aski ya fara kwance allon, yana zayyana wa gwaggo: uba wawa, kaka jahili, uwa babu, shi kuma har gaisuwar mutuwa ya yi.

 Gwaggo ta miƙe ta shiga shagon.

"Mayar da allon, ɗan nan. Ashe gidan danginta ta zo."