Waƙar maraba da surukai

Da furfurata na shiga lakwal, wato makarantar boko, a Vaulx-en-Velin ta ƙasar Faransa. Wata uku da fara Ingilishi, na rantse sai na yi wa dangin angon ɗiyata, Kanawa mazauna Landan, waƙar maraba cikin Ingilishin. Na tsinto kalmomi masu amo ɗaya na jera, ban nemi ma'anar ko guda ba. Ɗiyar ta ce, "Inna, kawo in duba." Na ce, "Wa ya haifi wani?"

Ranar biki na rera baiti shida, matan unguwa na amshi, amarya na neman wurin ɓuya. Uwar ango ta dafa ni: "Hajiya, ashe Zabarmanci haka yake da daɗi!"

Har yau in na buɗe baki a taro, sai a ce, "Zabiya, yau da wane yare?"