Kalmar da Ta Riƙe Mini Ƙugu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da sufeton makarantu ya zo daga Gaya ya zauna a bayan ajina ba. Lokacin ina sabon malami a wata firamare kusa da Gafasa, a farkon shekarun saba'in, kuma rahotonsa ne zai sa a tura ni ƙaro karatu ko a bar ni.

A darasin ranar akwai kalmar "lithe". Ni kaina sai a jajibirin na fara ganinta. Ƙamus ya ce jiki ne mai lanƙwasuwa cikin sauƙi da kyan gani. Na karanta, na maimaita, ban gane ko yabo ne ko ciwo ba (a garinmu, wanda jikinsa ya yi laushi jiƙo ake ba shi).

Dokar makarantar kuwa, ba a yin Hausa a darasin Turanci. Abin da yara ba su gane ba, malami ya nuna da jikinsa. Haka na koyar da tsalle, haka na koyar da tari.

Na naɗe riga, na karkata dama, na karkata hagu. Da na ga sufeto yana rubutu sai na ƙara himma, na gantsare ta baya. Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na tsaya a haka, ina kallon rufin kwano, na kasa miƙewa.

"Wa ya gane?" na tambaya da Turanci daga inda nake.

Wata yarinya ta karya doka, ta ce: "Malam, aljanu ne?"

"Ke, ba aljanu ba ne," in ji na kusa da ita. "Haka kakana yake yi in zai tashi."

Sufeto ya taso ya tallabe ni, ya yi ƙasa da murya, shi ma da Hausa: "Malam, kalmar ce haka, ko kai ne?"

"Ranka ya daɗe, ni ma ban tabbata ba."

A kan jaki aka kai ni wurin mai ɗori a Ajingi. Daga baya hedimasta ya gaya mini abin da sufeto ya ce: malamin yana da himma, a gaggauta tura shi karatu kafin littafin ya kai shi ga kalmar da za ta kashe shi.

Tun daga ranar, in ban gane abu ba, da baki nake faɗa, kuma a zaune.